Kafin Ka Shimfiɗa Katifarka a Doguwa

Tudun Wada,
jajiberin tafiyarka.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda bayan ka sauka lafiya, Ya ratsa da kai dajin Falgore ba tare da ka ga abin tashin hankali ba, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Na sa ta a jakarka, ƙarƙashin hular da mahaifinka ya ba ka, don na san ita za ka fara lalubowa.

Mahaifinka ya gama tasa nasihar tun ɗazu. Ya ce ka riƙe sallah, ya miƙa maka hula, ya tashi ya tafi duba awakin da babu abin da ya same su. Ni ma da zan iya, haka zan yi. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina gare ka, kuma duk da karatun da na yi ban taɓa iya zaunar da kai na dube ka ido cikin ido na yi maka doguwar magana ba. Na je jami'a na dawo, kunyar ɗan fari tana nan inda na bar ta. Saboda haka ga takarda. Ita ba ta sunkuyar da kai.

Tsoro nake ji. An ba ka aikin malamin gona a Doguwa, mata suna ta shigowa yi mini barka, ina amsawa, ina miƙa goro. Rabonka da giya tun kafin daminar bara. Ba ni na raba ka da ita ba, ba kuma mahaifinka ba. Bayan ikon Allah da taimakon asibiti, mutanen nan ne da kake zama da su kowace ranar kasuwa a bayan shagon Malam Sale mai gyaran injin ban-ruwa, waɗanda dukansu sun sha, sun bari, suna riƙe da juna don kada wani ya koma. Gobe za ka bar su. Ban sani ba ko akwai irinsu a Doguwa. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan, ba ciwon haƙorin da na ce wa ƙannenka ba.

Ba ni da wata hikimar da zan ba ka guzuri. Kurakurai nake da su, da yawa, wasu ma ba su tsufa ba. Ka ɗauka, za su yi maka amfani.

Na daɗe ina ƙin kiran abin da sunansa. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata, nake zana hanta a allo da alli mai launi, ina nuna wa yara abin da barasa ke yi mata, har in ba su jarrabawa a kai. Sai ga ɗana ya dawo daga karatu idanunsa jajur, kofin shayi yana rawa a hannunsa, bakinsa kullum da kanumfari, na dube shi na ce gajiya ce. Da gajiyar ta ƙi ƙarewa, na ce olsa ce. Na kai ka wurin likita na ce olsa, ya ba da maganin olsa. Da Goggonka ta zo daga Yako ta gan ka, ta ce wannan hannun mutane ne, an ga yaro ya yi karatu. Wallahi sai na ji sanyi a raina, domin sammu ba abin kunya ba ne, laifin wani ne. Muka hau babur har Ɗansoshiya wurin wani dattijon malami mai tsoron Allah, na ce masa sammu. Ya yi addu'a, ya ba da rubutu. Ka shanye tas ba musu. Shan abu dai bai taɓa ba ka wuya ba. Ban ga laifin likita ba, ban ga na malam ba. Kowannensu ya yi maganin cutar da na kai masa. Wadda ke jikinka kuwa, a gida na baro ta.

Don haka ranar da ka isa, kafin ka nemi ɗaki mai taga, kafin ka shimfiɗa katifa, ka je asibitin garin. Ka tambayi ma'aikacin da ke duba masu matsalar shaye-shaye da damuwa. In an ce babu, ka nemi babbar nas. Ka ce mata, "Ina da matsalar giya, na bari, ina neman inda irina suke haɗuwa." Da kalmar giya a ciki. Kada ka ce wani ɗan abu, kada ka ce ƙuruciya. Bakinka zai bushe, na sani. Ka faɗa da busasshen bakin.

Da na gaji da yi wa kaina ƙarya, sai na koma yi wa mutane. Na shiga nema wa "ɗan wata ƙawata" taimako. Na tambayi malaman makarantarmu, na tambayi mai kemis, na tambayi matar liman. Ɗan ƙawar nan tawa ya sha shawarwari: a yi masa aure, a kai shi gidan mari, a barbaɗa masa wani gari a miya bai sani ba. Daga ƙarshe na je wurin Talatu, nas ɗin nan da muka yi firamare tare. Ta bar ni na gama labarin tsaf tana naɗe bandeji, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Ke Binta, wannan ƙawar taki, ita ma doguwa ce mai tabarau? Ita ma ba ta son a ce ta yi kuskure?"

Na ce, "Talatu, ba wasa ya kawo ni ba."

Ta ce, "Ni ma ba wasan nake ba. Garin nan kaf an san Babanki yana sha. 'Yan tasha sun sani, masu acaɓar da ke sauke shi a bakin lungu sun sani. Ke kaɗai ake ɓoye wa cewa an sani, don ana ganin girmanki."

Na dawo gida a ƙasa ran nan, ina gaisawa da mutane ina duban fuskokinsu. Kowa da ladabinsa: sannu Malama, an tashi Malama. Ashe ba asiri nake rufewa ba, mutane ne suke taya ni yin kamar a rufe yake.

Ka nema da bakinka, don kanka. Ban da "wani abokina", ban da "wani ƙanena". Doguwa ba birni ba ce. In ka koma sha, mai shayi zai sani kafin kai ka yarda ka koma. Duk ɓoyon da za ka yi, daga masu iya taimakonka kawai za ka ɓuya.

Talatu ta gaya mini wurare biyu da masu barin giya ke zama. Ɗaya a cikin birnin Kano, ɗaya a nan, bayan shagon Malam Sale, tafiyar da ko babur ba sai an hau ba. Ka san wanda na zaɓa. 'Ya'yan Malam Sale mata a hannuna suka yi karatu, ranar taron iyaye har ƙasa yake rusunawa ya gaishe ni. Ta yaya ɗana zai je ya zauna a tabarmarsa ya ce shi mashayi ne? Na ce na birni ya fi tsari, akwai kujeru, akwai masu ilimi. Gaskiyar ita ce can babu wanda ya san kakanka. Na riƙa raka ka tasha da kaina, in ga ka shiga mota, in dawo ina jin na yi aikin uwa. Ko sau nawa ka isa, kai ka sani. Abin da na sani shi ne hanyar doguwa ce, mahaɗarta da yawa, kuma akwai wata ta wajen Bebeji da ka riƙa sauka. Har ranar da wani direba ya tsaya a ƙofar gidanmu da rana tsaka, ya fito da kai rigarka duk ƙasa, goshinka a fashe. Ya ce a gefen kwalta ya gan ka kwance, ƙafafunka a kan titi, manyan motoci suna kauce musu.

Ya ce, "Hajiya, da ban gane shi ba, wallahi wucewa zan yi. Na ce wannan ai ɗan gidan Malama ne."

Ka ji? Sanin nan da nake gudar maka, shi ya ɗauke ka daga kan titi. Daga nan sai gadon asibiti, daga asibiti kuma kai da ƙafarka ka tafi wurin Malam Sale, ba ka shawarce ni ba. Ka kyauta da ba ka shawarce ni ba.

Saboda haka ka nemi zaman da ya fi kusa da inda kake kwana, wanda za ka iya takawa ko ana ruwa, ko ba mai a babur, ko ranka a ɓace. Ko da a ciki akwai manomin da za ka je gonarsa da safe ka koya masa zuba taki. Da yamma shi zai koya maka abin da ya fi taki.

Shekaranjiya na je shagon Malam Sale da kaina, a gaban jama'a, ban ko ja mayafi ba. Na san ya riga ya yi maka bayani, amma na san halinka, za ka ce sai ka zauna da gindinka tukuna. Na tambaye shi ko akwai wani a can.

Ya ce, "Akwai Ɗanladi mai walda. Da yakan shigo mota ya zo mana ranar kasuwa, shi da wani malamin firamare. Da hanya ta fara ba da tsoro suka ɗauke ƙafa. Na ji an ce suna zama a shagonsa bayan La'asar. An ce fa, Malama, ban gani ba."

Na ce, "In kuma sun koma ruwa fa?"

Ya ci gaba da goge fulogin da ke hannunsa, ya ce, "To, kin ga suna bukatar Babanki ke nan kamar yadda yake bukatarsu."

Ban ji daɗin amsar ba. Ni so nake a ce mini akwai ɗaki mai allo a ƙofa, da ranar zama, da mai kula. Abin da aka ba ni shi ne sunan mai walda da "an ce". A kan wannan zan sallami ɗana.

Ka nemi Ɗanladi a ranar farko, bayan ka fito daga asibitin. Masu walda ba sa ɓuya, ƙararsu za ta kai ka. In ka same su a tsaye, ka zauna da su ko su biyu ne, ko ɗayansu surutunsa ya ishe ka, ko labari ɗaya suke maimaitawa kullum. Ba hira mai daɗi ka je nema ba. In ka tarar Ɗanladi ya koma sha, kada ka bi shi inda yake sha da sunan za ka janyo shi. Ba ka yi ƙarfin nan ba tukuna, kada wani ya yaudare ka. Ka same shi da safe a bakin aikinsa, ka kira Malam Sale ka haɗa su. In kuma ba kowa sam, ranar kasuwar nan ka nemi tudun da waya ke kamawa, ka kira su Malam Sale, a ajiye ka a tsakiyar tabarma ka ji su su ji ka. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, waya ba ta jin wari, ba ta ganin ido. Ka ci gaba da tambaya: nas, limami, har fasto in akwai coci kusa, domin wannan cuta ba ta tambayar inda mutum yake ibada. Mutum ɗaya kake nema da zai ce maka "ni ma". In ka same shi, kun zama taro.

Akwai wani abu da na koya maka wanda nake son in karɓe. Kana ƙarami, a gidan Goggo, an miƙo maka fura ka ce ka ƙoshi. Na ja ka bayan rumbu na murɗe maka kunne, na ce ɗan mutunci ba ya mayar da hannun babba. Ka dawo ka shanye, ka yi amai a hanya. Shekara da shekaru ina alfahari da kai, yaron da ba ya musu, duk abin da aka miƙa masa sai ya sa hannu biyu. To yanzu ga shi an ba ka aikin da kullum kai baƙo ne a ƙofar wani. Wasu za su tare ka da fura da nono. A wasu ƙauyukan, ranar gayya, ƙwaryar burkutu za a miƙo maka da zuciya ɗaya, don haka suke girmama baƙo. Waɗannan ba su cika ba ni tsoro ba. In ka ce ba ka sha, ruwa za su kawo maka, su ba ka haƙuri. Masu ba ni tsoro irinka ne, abokan aiki masu gogaggun riguna, da 'yan ledojin giya a akwatin babur, waɗanda za su ce, "Haba Oga, ɗan kaɗan mana, nan ai bakin iyaka ne, wa ya san ka?" Ka ce, "Ba na sha," ka miƙe ka bar wurin. Ba sai ka yi bayani ba, ba sai sun ji daɗi ba. In an ce ba ka da tarbiyya, ka ce laifin uwarka ne. Zan amsa.

Sai na ƙarshen, wanda ka sani, domin ka yi kwanaki kana cin tuwona ba ka dube ni ba. Bayan ka fara zuwa wurin Malam Sale na zama 'yar sanda. Ina shinshina rigunanka kafin a wanke, in ka durƙusa gaishe ni in ɗan sunkuyo kamar zan gyara zani. Wata ranar kasuwa na bi bayanka, na laɓe jikin langalangar shagon, tsakanin matattun injuna, mace mai digiri da furfura. Ka san an kama ni. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da na ɗauko daga can.

Na ji kun gaisa kamar kowa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa. Lafiya lau, ba gajiya, alhamdu lillahi, kowa da kowa. Har na fara cewa a raina, wannan ai majalisa ce kawai. Sai na ji Malam Sale ya ce, "To, an gama gaisuwa. Yanzu a faɗi gaskiya. Wa zai fara?"

Sai na ji muryarka. Ka ce, "Ni yau tun asuba nake son sha. Na bi ta lungun nan na dawo, na sake bi. Ban shiga ba, amma ƙafata tana so."

Na jira in ji salati, in ji faɗa. Sai wani tsoho ya yi dariya ya ce, "Wannan ƙafa taka ƙanwar tawa ce. Ni tawa jiya sai da na zauna a kanta." Aka yi dariya, har da kai. Rabon da in ji dariyarka na manta.

A safiyar ran nan fa, Babana, ka durƙusa a ƙofar ɗakina na ce ka tashi lafiya, ka ce lafiya lau, Mama.

Ina tsaye ina juya wannan sai ga Malam Sale ya zagayo da buta. Ya ce, "A'a, Malama, sannu da zuwa. Ko inji ne ya lalace?" Na ce a'a. Ya rage murya ya ce, "To ki yi haƙuri. Abin da aka faɗa a tabarmar nan, a nan yake kwana. In ya san kina ji, gobe mu ma lafiya lau zai ce mana." Na juya na tafi.

Mu mutane ne da ko a gadon asibiti aka ce yaya jiki, sai mu ce da sauƙi. Duk shekarun da kake narkewa a gabana, kullum sai na tambaye ka lafiyarka, kullum sai ka ba ni amsar da na koya maka, ni kuma in karɓa in tafi makaranta. Ba ƙarya kake yi ba, gaisuwa kake yi. Daga gobe kuwa gaisuwar ce kaɗai za ta rage mini. Zan kira, za ka ce lafiya lau, aiki da godiya, garin akwai sanyi. Ba zan ga idonka ba, ba zan ga hannunka ba. Kuma na gane ba zan iya zame maka tabarmar nan ba. In ka ce mini kana son sha, ko in fashe da kuka ko in fara lacca, duka biyun kuma ba su taɓa hana kowa sha ba. Kana bukatar wurin da za a gama gaisuwa sannan a sake tambayarka, a kuma ji amsar ba a firgita ba. Ni uwa ce, firgita aikina ne. Ka nemi waɗanda ba nasu ba ne.

Yanzu abin da hannuna ba ya son rubutawa. Mai yiwuwa ka faɗi. Na ga hantar a littafi, na ga ɗana a kan gado, na san abin ba ya tafiya don an yi masa addu'ar sallama. In ka sha, kada ka ce sai ka gyaru sannan ka koma cikin mutanenka. Ka je zama na gaba da warin a bakinka, sun san shi, ba zai kore su ba. In kuma ka kwana biyu kana sha da yawa, kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce za ka yanke da ƙarfin tsiya. Ka tuna karkarwar nan, da abubuwan da ka riƙa gani suna tafiya a bangon asibiti. Wannan yana kisa. Asibiti za ka, a taimake ka ka sauka a hankali.

Sannan ka kira ni. Ban yi maka alkawarin zan yi magana mai daɗi ba, wataƙila ma in yi shiru har ka ɗauka layin ya yanke. Amma ka kira. Tun ranar da aka ce an ɗauke ka aiki, duk lambar da ban sani ba in ta shigo wayata sai in tsaya ina kallonta kafin in ɗauka, alhali kana tsakar gida ina ganinka. Gara in ji muryarka, ko tana tangaɗi, kana cewa, "Mama, na sha," da in ji muryar wani baƙo mai ladabi yana sallama, yana tambaya ko ni ce mahaifiyar malamin gona.

Allah Ya tsare mini kai a hanya da masauki, Ya tsare ka daga abin da kake so wanda ba ya son ka. Ya sa Ɗanladi yana nan a tsaye, in ba ya nan Ya ba ka wani. Ya riƙe ƙafarka a inda hannuna ba ya kaiwa. Na ba Shi amanarka, Shi ba Ya gyangyaɗi.

Mahaifiyarka,
Binta.